Injin Ya Ce: Yadda Kwamfuta Ta Karɓe Kambun Ches Daga Hannun Ɗan Adam

A wata majalisa da nake zama a Gyaɗi-Gyaɗi, tsakanin La'asar da Magariba, akwai wani dattijo, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, wanda ba kasafai ake kai bayansa ƙasa a wasan ches ba. Ches ɗin nan da wasu ke kira darar Turawa, mai gida 64 da 'ya'ya 32. Wata Asabar ya kara da ɗan maƙwabcinsa, wani matashi ɗalibin Jami'ar Bayero, ya cinye shi cikin taku talatin da 'yan kai. Ana cikin tattara 'ya'ya sai yaron ya zaro wayarsa, irin wadda ake saye hannu na biyu a Farm Centre, fuskarta ma a tsage, ya shigar da wasan taku bayan taku. Can ya ɗago kai.

"Baba, injin ya ce da a taku na 18 na mayar da dokina baya, da ni ke da wasan."

Dattijon ya gyara zaman tabarau, ya mayar da 'ya'yan inda suke a wancan takun, ya daɗe yana kallon allon.

"Yaro, ya gaya maka dalili?"

"A'a Baba, lamba kawai ya nuna."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya musa wa wayar. Majalisar da ake iya kwashe awa guda ana ja-in-ja kan ƙwallo ko siyasa, kowa ya amince cewa abin da wayar ta faɗa shi ne daidai, har shi dattijon. Kuma sun yi gaskiya. Manhajar da ke cikin wayar nan mai tsagaggiyar fuska za ta iya lallasa zakaran duniya, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Yadda aka yi aka zo nan labari ne mai tsawo, kuma wanda ya fahimce shi zai san abin da ya kamata ya karɓa daga inji da abin da bai kamata ya miƙa masa ba.

Wasan kansa ba na Turawa ba ne tun asali. Daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, Larabawa suka karɓa suna kiransa shaɗaranji, sannan ya shiga Turai. Sha'awar ƙera na'urar da za ta buga shi ma tsohuwa ce. A 1770 wani mutum mai suna Wolfgang von Kempelen ya nuna wani akwati a fadar Viyana, da mutum-mutumi zaune a bayansa sanye da rawani, yana motsa 'ya'ya yana cinye manyan mutane. Shekaru da dama ana yawo da shi ƙasa-ƙasa kafin asiri ya tonu: gwani ne ake ɓoyewa a cikin akwatin. Aikin gaske bai fara ba sai a 1950, lokacin da masanin lissafi Claude Shannon ya rubuta yadda kwamfuta za ta iya buga wasan, ya kuma ƙiyasta cewa yawan wasannin da za a iya bugawa ya kai lamba 1 da sifili 120 a gabanta.

Wannan lambar ita ce tushen wahalar. A takun farko mai farare yana da zaɓi 20, mai baƙaƙe ma 20, sun zama 400 ke nan. Kowa ya ƙara taku ɗaya, sun koma 197,281. A tsakiyar wasa mutum yana da zaɓi wajen 30 a kowane taku, don haka in kana so ka hango taku uku naka da uku na abokin karawarka ba tare da tsallake komai ba, sai ka duba hanyoyi sama da miliyan 700. Babu ƙwaƙwalwar da ke yin haka, kuma gwanaye ba haka suke yi ba. Babban gwani, wanda ake kira giranmasta, in ya kalli allo taku biyu ko uku ne kacal ke zuwa masa a rai, sauran ko kallonsu ba ya yi. Kamar tsohon ɗan kasuwar Dawanau ne da zai cusa hannu cikin buhun gero ya gaya maka na bana ne ko na bara, ba tare da ya ƙirga ƙwaya ba. Dubban wasannin da ya gani ne suka zame masa ido.

Ita kwamfuta ta ɗauki wata hanya. Aka koya mata kimar kowane ɗa: soja maki 1, doki 3, hasumiya 5, sarauniya 9, aka ƙara mata wasu ma'aunai kamar tsaron sarki da sararin motsi. Sai ta riƙa bin rassan wasa tana auna ƙarshen kowane reshe. Dabarar da ta cece ta daga nutsewa ita ce sare rassa: da zarar ta ga amsa ɗaya daga abokin karawa da ta sa wani taku ya fi wanda ke hannunta muni, ba ta ɓata lokaci kan sauran amsoshin, sai ta watsar da reshen gaba ɗaya. Da wannan dabarar, da kuma saurin na'ura da ke ninkuwa shekara bayan shekara, hangenta ya riƙa zurfafa.

Duk da haka an daɗe gwanaye suna raina ta. A 1968 wani ɗan Sikotland, David Levy, ya yi alkawarin cewa babu kwamfutar da za ta ci shi cikin shekara goma, kuma a 1978 ya cika alkawarinsa. A 1989 Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, ya ci na'urar Deep Thought wasa biyu ba ko ɗaya. Sai kamfanin IBM ya ɗauki masu aikin, ya zuba kuɗi, aka haifi Deep Blue. A Fabrairun 1996 a Filadelfiya ta ci Kasparov wasan farko, amma ya farfaɗo ya cinye karawar da 4 da 2. A Mayun 1997 a New York aka sake haɗuwa da na'urar da aka ƙara wa ƙarfi, mai duba yanayin allo kusan miliyan 200 a daƙiƙa guda. Cikin wasa shida ta yi nasara da maki 3 da rabi, shi 2 da rabi, da yake cin wasa maki ɗaya ne, canjaras kuma rabi.

A ganina duniya ta yi saurin yanke hukunci a wannan shekarar. Wanda ya bi wasannin shida zai ga cewa ba ƙarfin lissafi kaɗai ya kayar da Kasparov ba. A wasa na biyu na'urar ta yi wani taku mai natsuwa irin na mutum, abin ya girgiza shi har ya fara zargin akwai hannun gwani a bayan labule, kamar akwatin Viyana. Ya miƙa wuya a wannan wasan, daga baya masu nazari suka nuna masa cewa akwai hanyar da zai iya nemo canjaras. Wannan ya zauna masa a zuciya. A wasa na shida, wanda shi ne raba gardama, ya faɗi cikin taku 19 kacal, a buɗin wasan da bai saba bugawa ba. Ya nemi a sake karawa, IBM ta ƙi, ta ajiye na'urar. Hujjar cewa tazarar ba ta yi nisa ba tukuna ita ce abin da ya biyo baya: a 2002 a Bahrain Vladimir Kramnik, wanda ya karɓe kambu daga Kasparov a 2000, ya yi kunnen doki 4 da 4 da manhajar Deep Fritz, a 2003 kuma Kasparov ya yi 3 da 3 da Deep Junior.

Ainihin rufe ƙofar ya zo ne tsakanin 2005 da 2006. A Landan a 2005 na'urar Hydra ta kara da Michael Adams, wanda yana cikin manyan gwanaye goma na duniya a lokacin. Wasa shida, canjaras ɗaya kawai ya samu, ya sha kashi a biyar. A ƙarshen 2006 a birnin Bonn na Jamus Kramnik ya sake zama gaban Deep Fritz, wannan karon a kan kwamfuta irin wadda ake iya saye a kasuwa, ya faɗi da 4 da 2 ba tare da ya ci ko wasa ɗaya ba.

Wasa na biyu na wannan karawar ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa duk bayanin yake. Kramnik ya buga wasa mai kyau, ba ya cikin matsala, lokaci ma bai ƙure masa ba. Ya yi tunani, ya matsar da sarauniyarsa. Nan take na'urar ta sauke tata sarauniyar kusa da sarkinsa, dokinta na tsare da ita daga layin ƙarshe, wasa ya ƙare. Kisan taku ɗaya, irin wanda yaron da ya yi wata uku da fara koyo zai iya gani. Me ya makantar da zakaran duniya? Idon nan nasa na gwani. Dokin abokin gaba ba ya yawan tsayawa a wannan gidan lokacin irin wannan harin, don haka hoton bai yi kama da ko ɗaya daga cikin hotunan haɗari da ke ajiye a kansa ba, ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Baiwar da ke ba mutum damar tsallake hanyoyi miliyan 700 ita ce ke sa shi tsallake guda ɗaya da bai kamata ba. Inji ba ya gajiya a awa ta biyar, ba ya tuna kashin da ya sha jiya, ba ya jin tsoron sunan wanda ke gabansa. Gwani zai iya yin taku 39 masu kyau, na 40 ya ɗan karkace, shi ke nan an gama.

Daga nan aka daina shirya irin wannan karawar da gaske, don babu abin kallo a cikinta. A 2009 manhajar Pocket Fritz 4, a kan wayar hannu, ta shiga gasa da mutane a Buenos Aires na Ajantina ta tashi da maki 9 da rabi cikin 10. Wayar 2009 fa, wadda ba ta kama ƙafar ta ɗalibin majalisarmu ba.

Akwai ma'aunin da ake auna ƙarfin 'yan wasa da shi, ana kiransa Elo. Makin da ya fi kowanne yawa da mutum ya taɓa kaiwa shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan Norwe a 2014. Kasparov ya tsaya a 2851. Bassem Amin na Masar shi ne ɗan Afirka na farko da ya haura 2700. Manhajar Stockfish, wadda kyauta ce kowa na iya saukewa, tana sama da 3500 a jerin da ake auna injuna. Dole a yi hattara da kwatancen, don makin injuna daga wasanninsu da junansu ake fitar da shi, ba da mutane ba. Amma ko an rage wani abu, lissafin Elo ya ce tazarar maki 400 na nufin na sama zai kwashe kusan maki 91 cikin 100, tazarar 700 kuwa na ƙasa ba zai haɗa maki 2 cikin 100 ba. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Da akwai wata mafaka da gwanaye suka daɗe suna fakewa a ciki. Suna cewa inji ya fi mu ƙirga, mu kuma mun fi shi fahimta. Kuma a da gaskiya ne. Tsofaffin injuna suna da iyakar hange, abin da ke bayan iyakar ba su san da shi ba. Dabarar ita ce a toshe tsakiyar allo da sojoji, a hana arangama, a bar injin yana kai-komo ba shi da shiri. A 2008 giranmasta Hikaru Nakamura na Amurka ya yi wa manhajar Rybka haka a wasan gaggawa ta intanet, ya ja ta har taku 271, ta riƙa sadaukar da 'ya'yanta don gudun canjaras, ya juyo ya cinye ta.

Wannan mafakar ta rushe a Disambar 2017. Kamfanin DeepMind na Landan ya fito da AlphaZero, wadda ba a koya mata komai ba sai dokokin wasa. Ba a nuna mata wasan gwani ko ɗaya ba, ba a gaya mata sarauniya ta fi doki ba. Aka bar ta tana buga wa kanta miliyoyin wasanni, tana gyara ma'auninta daga ci da faɗuwa, cikin awa huɗu ta kamo Stockfish na lokacin. A wasa 100 ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba ta faɗi ko ɗaya ba. An yi ƙorafi kan sharuɗɗan karawar, kuma ƙorafin yana da tushe, sai dai da aka sake da wasa 1,000 ta ci 155 ta faɗi 6. Abin lura shi ne tana duba yanayi kusan dubu 80 a daƙiƙa, alhali Stockfish na duba miliyan 70. Wato ta yi ƙasa da shi nesa ba kusa ba a ƙirga, ta fi shi sanin inda ya kamata a duba. Ta samu ido irin na ɗan Dawanau ke nan. Tana bayar da soja ko biyu don ta daure 'ya'yan abokin karawa su kasa motsi, ribar ba za ta fito ba sai bayan taku ashirin. A 2020 masu Stockfish suka saka masa irin wannan ƙwaƙwalwar mai koyo, ya haɗa ido da ƙirga wuri guda.

To me ya rage wa mutum? In ana maganar cin wasa, sai dai a ba shi rata. A 2016 manhajar Komodo ta ba Nakamura rata iri-iri, har da cire soja daga nata ɓangaren tun kafin a fara, duk da haka ta yi nasara da 2 da rabi da 1 da rabi. Da ratar ta kai doki sukutum, giranmasta David Smerdon na Ostireliya ya ci Komodo 5 da 1 a 2020. Ma'aunin tazarar ke nan a zahiri: ba a tambayar wa zai ci, ana tambayar 'ya'ya nawa za a cire wa inji kafin wasa ya yi daɗi. Ba ches kaɗai ba ne. Tun 2007 masana a Kanada suka warware draf ɗin Turawa mai gida 64 gaba ɗaya, suka tabbatar cewa in kowa bai yi kuskure ba canjaras ne. A 2016 wasan Go na mutanen Asiya ma ya faɗa hannun inji.

Amma tambayar dattijonmu tana nan: ya gaya maka dalili? An riga an lissafe duk wani yanayi da 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka suka rage a allo, an ajiye amsar a rumbu. A cikin rumbun akwai yanayin da ake kashe sarki bayan taku sama da 500, kuma manyan gwanaye in sun bi takun ba sa ganin ma'anarsu, sai ka ce 'ya'yan yawo kawai suke yi. Gaskiya ce tsantsa, amma ba ta koyar da kowa komai. Haka lambar da waya ke nunawa take. In ta ce kana gaba da maki ɗaya da rabi, tana nufin in ita ce za ta ci gaba da bugawa. Kai da za ka buga sauran wasan da kanka, in ba ka san me ya sa dokin zai koma baya ba, lambar ba taka ba ce. Manyan gwanaye sun san haka. Shi ya sa a shirinsu sukan zaɓi takun da inji ya sa a na biyu ko na uku, in sun ga zai jefa abokin karawa cikin duhun da mutum ba zai iya fita ba a gaban agogo.

Akwai kuma ɓarnar da ƙarfin nan ya jawo, wadda take ci mini tuwo a ƙwarya. A zamanin Kempelen mutum ake ɓoyewa a cikin na'ura, yau na'ura ake ɓoyewa a bayan mutum. A 2019 an kama giranmasta Igors Rausis da waya a banɗaki ana tsakiyar gasa a Strasbourg ta Faransa, hukumar ches ta duniya, FIDE, ta ƙwace masa muƙamin ta dakatar da shi shekara shida. Gwani ba ya buƙatar a gaya masa kowane taku, sau biyu ko uku a wuri mai wuya ya wadatar. A intanet abin ya fi muni, inda yawancin samarinmu na Kano ke bugawa da dare. Na sha zama ina buga wasa da wani da ban sani ba, ya yi ta tuntuɓe a taku goman farko, sai kwatsam ya koma ba ya kuskure, kowane taku daƙiƙa biyar, mai sauƙi da mai wuya duk ɗaya. Illar ba ta tsaya a makin da aka sace ba. Yanzu in yaro mai hazaƙa ya yi taku mai kyau da guminsa, zargi ake fara yi kafin yabo.

Ta ɗaya ɓangaren, ban yarda da masu cewa inji ya kashe wasan ba. Mutane sun fi da yawan buga shi, kuma ba wanda ya daina kallon tseren dawakai don mota ta fi doki gudu. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne wannan: da can wanda ke son ƙwarewa sai ya kasance a Mosko ko wani birni mai gwanaye da ɗakunan karatu. Yau yaron da ke Kurna ko Ɗorayi yana da mai duba masa wasa wanda ya fi na Kasparov ƙarfi, a kyauta, in dai akwai caji da ɗan data. Tunde Onakoya, gwanin ches ɗan Najeriya, ya nuna abin da allo guda zai iya yi wa yaran unguwannin talakawa a Legas, har ya kwashe awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York a 2024 don tara wa ilimin yara kuɗi. Ba abin da zai hana a ga irinsa a nan.

Sai dai yadda za a yi amfani da malamin shi ne magana. Gukesh ɗan Indiya, wanda ya zama zakaran duniya a Disambar 2024 yana da shekara 18, an haife shi ne a 2006, shekarar da Kramnik ya faɗi a Bonn. Bai taɓa sanin duniyar da mutum ya fi inji ba. Amma kocinsa ya nesanta shi da inji a shekarunsa na farko, ya bar shi ya riƙa fasa kansa a kan allo har lissafinsa ya yi ƙwari, sannan aka buɗe masa ƙofa. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta dace da mu. Gardamar bayan wasa, inda kowa ke miƙa hannu yana cewa "da ka yi nan fa?", a nan ake koyon ches, kamar yadda aka koyi darar gargajiya a gindin bishiya ana tona gurabu a ƙasa. Wayar da aka zaro da wuri tana kashe wannan gardamar tun ba ta fara ba.

A ranar nan dattijon bai bari an kwashe allon ba. Ya ce wa yaron ya mayar da wayar aljihu, ya zana yanayin taku na 18 a bayan wata takarda, ya miƙa masa.

"Je ka da shi. Kada ka tambayi injin. Ni ma zan duba nawa."

Sai ranar Talata yaron ya dawo, takardar duk ta yamutse. Ya jera 'ya'yan da kansa, ya mayar da dokin baya, ya nuna cewa daga can zai zagaya ta gida biyu ya sauka a wani gurbi da babu sojan da zai iya korar sa, kuma daga gurbin yana tsare hanyar da hasumiyar dattijon ta bi ta shigo. Dattijon ya gwada amsa ɗaya, yaron ya toshe. Ya gwada ta biyu, ya toshe. A ta uku suka yi saɓani, mutum huɗu suka sa baki, har aka kira Magariba ba a daidaita ba. Aka rufe allon da hular wani don kada iska ta watsar da 'ya'yan, muka tashi alwala.